Safar Hannu ta Aili Koskela

Reino Koskela ya fi shekara ashirin yana yi wa ƙananan 'yan kasuwar garin Ely lissafin haraji, amma babu wanda ke sa shi zufa kamar yayarsa Aili. Ita da matan unguwa suke saƙa safar hannu, huluna da takalman jarirai na ulu, ta sayar ta intanet. Daga ɗakin ajiyar mota aka fara, ga shi yanzu sun cika tsohon shagon katako.

Dokar jiharsu ta Minnesota ta ɗora ɗan kuɗi, bai kai dala ɗaya ba, a kan duk babbar odar da aka kai wa mutum har gida, don gyaran tituna. Amma an yafe wa masu ƙaramin ciniki, kuma Aili a cikinsu take, sai bana da Reino ya duba ya ga ta haura iyakar.

Ya same ta da hantsi tana naɗe kaya, ƙanƙara na narkewa a takalminsa. Ya zuba wa kansa kofi, sannan ya kawo dabararsa: a raba kamfanin biyu, safar hannu da sunanta, huluna da sunan mijinta Toivo, kowanne ya koma ƙarami. Ya ce ba kuɗin ne abin ji ba, wahalar lissafin ce.

Aili ta yi dariya har ta ajiye almakashi. "Toivo? Mutumin da bai san gaban hula da bayanta ba?"

"Yaya, ba sata na ce ki yi ba."

Ta nuna masa taga. Motar kai kaya na juyawa a bakin shagon, tana tsallake ramuka. Ta ce a da sai a wuni mota ba ta shigo layin nan ba, yanzu safe da yamma manyan motoci ne, duk saboda ita. Wanda ya ci ladan kuturu, ai shi zai yi masa aski.

Reino ya haƙura. Don sauƙin aiki sai ya ce to a ɗora kuɗin a kan kowace babbar oda, ba sai an tsaya tantancewa ba. Nan ma ta ƙi. Kayan jariran da doka ta yafe, ta ce, ba za a karɓi ko sisi a kansu ba, ko da mai saye ba zai taɓa lura ba.

Mako ya shafe yana bin kayan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ofishin haraji wanne ya shiga, wanne ya fita, yana ƙunƙuni. Da sabon tsarin ya fara aiki, wata tsohuwar mai saye daga Duluth ta aiko da saƙon fushi, wai Aili ta yi kuɗi ta fara ƙwarar mutane. Reino ya ce a share ta. Aili kuwa ta kira ta, yana zaune yana ji. Ta yi mata bayani a tsanake, daga nan hira ta koma kan jikoki da ciwon gwiwa. Matar ba ta ce ta yarda ba, amma ba ta janye odarta ba.

A hanyarsa ta komawa ofis, Reino ya tsinci kansa yana murmushi. Da rana wani mai sayar da kwale-kwale ya zo neman irin wannan dabarar ta raba kamfani. Reino ya ce ya fara zuwa su gaisa da Aili tukuna.