Bedin Malam Gide

"Jarka biyu, Inna Talatu. Ta ukun ki maida ta gida."

Almu ke nan, mai riƙe da makullin famfon unguwa. Tun da rijiyoyin Yankara suka ƙafe a bazarar bana, kwamiti ya yanke: kowane gida jarka biyu a rana, shuka kuwa ko ɗigo.

"Ta ukun ba tawa ba ce, ta Malam Gide ce. Shina kwance, jiki kamar garwashi."

"An ba shi jarkarshi da sahe. Mun san inda shike kai ta."

Kowa ya sani. Malam Gide, wanda katanga ɗaya ta raba su da Talatu shekara talatin, shi ya dasa bedi, wato dogon yaro, goma sha huɗu a hanyar maƙabarta da daminar bara, don masu ɗaukar makara su samu inuwa. Kowane dashe ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da aka kama shi yana ba su ruwa, aka rage masa zuwa jarka ɗaya.

Bai yi musu ba. Sai ya koma yin alwala a gindinsu. Salla biyar, dashe biyar, gobe ya matsa gaba. Wa zai hana dattijo alwala? Har da azahar, lokacin da ƙasa ke cin tafin ƙafa, ya ja butarsa ya fita.

Talatu ta taɓa leƙa randarsa ta gan ta a bushe.

"Malam, kai mi kake sha?"

"Ni na yi saiwa, Talatu. Su ne ba su yi ba."

Jiya masu dawowa daga kasuwa suka tsince shi zaune a gefen dashe na tara, kai a sunkuye, buta ba komi, gindin dashen a jiƙe.

Ta koma da jarka biyun. Ta jiƙa zane ta shimfiɗa masa a ƙirji, ta ɗiga masa da ludayi, ruwan ya gangaro ta gefen baki. Kafin la'asar ya cika. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe masa ido, ta matse zanen a cikin kwano don kar ruwan ya tafi a banza.

Ba wanda ya roƙi Almu, da kansa ya buɗe famfo: ruwan wanka, ruwan kwaɓa ƙasar kabari. Ta bayan zana Talatu ta ga jarkoki suna wucewa. Shida.

Washegari ta ja mayafi ta fito har bakin tabarmar maza a wurin zaman makoki.

"Almu, da rai ɗaya ka ba shi. Ba rai, shida!"

"Inna, a yi haƙuri, ba nan ba ne wurin..."

"Nan ne. Ni ban yi boko ba, ban san takardarku ba. Jarkarshi guda nike so, ku bar ma icen nan."

Liman ya dubi carbinsa. Almu ya ce doka ta gida ce, gidan kuma yanzu ba kowa. Amma kwamiti zai zauna.

"Ku zauna," in ji ta. "Ba inuwa dai."

Ba a zauna ba. Ranar sadakar uku, da aka kira azahar, ta ɗauki butar Malam Gide, ta cika ta daga jarkarta, ta bi hanyar maƙabarta. Cikin sha huɗun, tara sun bushe, ganyen na karyewa a hannu, amma na taran, inda aka tsince shi, da sauran rai. Mace ba ta alwala a bakin hanya. Ta rataya mayafinta a kan ƙayar na tara ya kare ta, ta tsuguna, ta naɗe hannun riga.

Ruwan ya bi gwiwar hannunta yana ɗiga. Ƙasar ta yi duhu kamar faɗin faifai, sannan ta fara komawa fara daga gefe.