Ruwan Yanka a Tankin Tarwada

"Ki faɗa mini abin da kika zuba musu, ko yau ɗin nan ki koma ƙauye!"

Felicity ke nan, mai farfesun kifi a Kuje, ta tsare Prudence ƙanwar mijinta a bayan shago. Tarwadar da take kiwo a babban tanki sun daina cin abinci, sun cure a kusurwa guda, har wasu sun fara juyo ciki sama. Matan layi kuwa, da ba sa raina abin magana, tuni suka yanke hukunci: yarinyar ce, baƙin ciki take yi.

"Anti, ban zuba komai ba."

"To aljani ne? Baban Jonah, yi magana mana! Ba ƙanwarka ba ce?"

Mijinta Thaddeus yana jingine da bango yana ta sosa ƙeya, kai ka ce baƙo ne a gidan. Prudence ta zuba masa ido. Ita dai ta san abin da ta gani: duk lokacin da ya gama yanka wa masu saye kifi, ruwan da ya wanke wuƙa da katako ba ya zubarwa a kwata, cikin babban tanki yake juyewa, wai ruwa ya yi wuya a Kuje. In aka kore ta, koyon ɗinkin da ta fara ya ƙare ke nan.

"Broda, ba za ka ce komai ba?"

Ya hau kallon silifas ɗinsa.

Prudence ta ɗebi ruwan bahon da yake wanke wuƙar a kofi, jajir da yauƙin fata, ta nufi ƙaramin tanki, inda kifi ke wawar abinci.

"Kar ki kuskura!" in ji Felicity.

Ta zuba. Kafin jan ya gama bazuwa kifin nan sun watse, suka nutse ƙasa suka lafe. Abinci na yawo a sama, ba mai taɓawa.

"Hanci gare su, Anti. Warin ɗan'uwansu da aka yanka suka ji, wa zai iya cin abinci? Na babban tanki kullum shi suke shaƙa. Ni kuma ba ni ke yanka ba."

Felicity ta juya a hankali.

"Baban Jonah, ina kake zubar da ruwan bahon nan?"

"Ai... ruwa ne kawai, Maman Jonah."

Felicity ta ce, "Prudence, zo ki zauna."

"Da kifin nan ba su nuna ba fa, Broda? Haka za ka bari? Gidan ƙawata zan koma, ɗinkina ba zai tsaya ba."

Ta fice, ta bugo ƙofar shagon har kwanuka suka zubo.