Zarbar da Mabruk Ya Ƙone

A tsibirin Ƙarƙana ana gadon teku kamar yadda ake gadon gona. Mabruk ya gaji nasa yankin daga mahaifinsa, wuri mai ruwa iya ƙirji, inda ake kafa zarbar dabino jere-jere ta zama shinge, kifi ya bi jikinta idan ruwa ya janye har ya faɗa tarko. Da shingen nan ya ciyar da gidansa, da shi kuma yake riƙe da ɗansa Lutfi, wanda tun bara hankalinsa ya koma ga tafiya ci-rani ƙetaren teku. Sun yi magana ɗaya tsakaninsu: in kamun bana ya yi albarka, Lutfi zai zauna.

Sai ga shi wata safiya sun tarar da zarbar ta yi baƙi ƙirin da ɗanyen mai. Wani jirgin dakon mai ne ya wanke tankunansa can nesa, iska ta koro dauɗar zuwa gare su. Mabruk bai tsaya shawara da kowa ba, domin abin da iyaye suka bari sananne ne: shingen da ya ɓaci ba ya kwana a ruwa, kada kifi ya ji wari ya sauya hanya har abada. Ya kira gayya, maƙwabta suka tuge zarbar kaf, suka tara a tudu suka cinna mata wuta, suka goge kwalekwalensu da yashi. Ayyad, abokinsa na ƙuruciya, har yana tsokanarsa wai yau ce rana ta farko da ya ga Mabruk marowaci ya ƙona abu da hannunsa. Aka yi dariya, aka sha shayi, Mabruk ya koma gida yana ganin ya sauke nauyi.

Washegari iska ta juya ta kwashe sauran man. A ranar ce Wasila, 'yar ƙanwarsa, lauya a birnin Safakis, ta sauka daga jirgin fito da kwalabe wankakku a jakarta don ɗibar samfurin man. Ta bayyana masa cewa an gano jirgin da ake zargi, yana tsaye a tashar wata ƙasa maƙwabciya, kuma yarjejeniyar teku ta ba da damar a bincike shi a can, muddin an gwada man da ya ɓata gaɓa da wanda ke tankinsa aka ga iri ɗaya ne. In an samu haka, akwai diyya.

“Kawu, ina zarbar? Ko guntu ɗaya ya ishe ni.”

Ya kai ta tudun. Ta tsuguna ta tona tokar da tsinke, ta zagaya kwalekwale ɗaya bayan ɗaya, duk fes kamar kayan amarya. Ba ta zarge shi ba, wannan kuwa ya fi masa zafi. Ya tambaye ta ko shaidar mutum ba za ta wadatar ba, ga dattawa da suka gani da idonsu za su rantse da Alƙur'ani. Ta ce rantsuwa ba ta tsayar da jirgi. Da zarar ya tashi, maganar ta koma hannun ƙasar da tutarta ke kansa, ƙasar da watakila ko matuƙinsa bai taɓa taka ta ba.

“Ita ƙasar, tana da dattijon da ake kai wa kuka?”

“Tana da ofis, Kawu.”

Jirgin ya tashi kafin mako ya ƙare. Dabinon tsibirin kuwa an riga an sare zarbarsa tun kaka, ba za a sami ta sabon shinge ba sai baɗi. Mabruk ya riƙa fita yankinsa da hantsi yana duban ruwan, garai-garai har ana ganin ciyawar ƙasa, kifi na wucewa babu abin da ke tare shi. Abin da mahaifinsa zai yi shi ya yi, don haka ya kasa gano inda kuskuren yake, ya kuma kasa yafe wa kansa.

Ranar Juma'a bayan an ci kuskus, Lutfi ya ɗauko wuƙar yankan zarba da ya gada daga kakansa, ya wasa ta, ya shafa mata mai, ya ajiye a gaban mahaifinsa.

“Baba, ka sa mini albarka, zan tafi.”

Mabruk ya dubi wuƙar, sannan ya ɗaga hannuwansa.