Ranar da Makarantu Suka Zana Jarrabawa

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda makarantu ne ke zana jarrabawa, yara kuwa suna gida suna hutawa. Na ga makarantun ƙaramar hukumarmu goma sha bakwai sun yi layi a bakin titi, kowacce tana tafiya da ƙafafunta. Tawa, ta Kurmin Gawo, wadda nake shugabanta, ita ce a baya, tana ɗingishi saboda katangar aji uku da ta tsage.

Shekara uku ke nan muna ƙarshe a jerin sakamako. A hanya wata zabuwa mai tabarau, wadda aka ce ita ce sakatariyar ilimi, ta gaya mini cewa in muka sake zuwa ƙarshe bana, rufe makarantar za a yi. Na tambaye ta yaran fa, ta ce su ma za a ninke su a ajiye a kabad. Na yi mata godiya, don babba ce.

Sai ga mu a ɗakin jarrabawa. Makarantun cikin gari suka zauna suna ta ƙus-ƙus da fensir, ba mai ɗaga kwanon rufinta. Na leƙa takardar makarantata don in ga abin da ke kayar da mu. Wallahi duk amsoshinta daidai ne. Ta rubuta su dalla-dalla a gefen takarda, har da ja musu layi da rula, yadda nake koya wa yara shekara ashirin da biyu. Ƙananan da'irorin zaɓen amsa da ke tsakiyar takardar kuwa ta bar su fes, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Mai duba takardu wani ƙaton kwaɗo ne da ake kira Malam Barau. Ba ya karatu, lasa yake yi. Inda harshensa ya ji baƙin fensir a cikin da'ira, sai ya ba da maki. Ya lashi tamu sau biyu, ya yamutsa fuska.

"Wannan ba gishiri," in ji shi.

Na roƙe shi ya karanta gefen. Ya ce shi ba a ɗauke shi aikin gefe ba.

Na juya ga makarantata na tambaye ta me ya hana ta cike da'irorin. Ta buɗe taga ɗaya ta dube ni.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce duk wanda ya ɓata takarda da zane-zane zai sha bulala."

Kunya ta rufe ni. Ina laluben aljihu ko zan sami fensir in cike mata, injin markaɗen maƙwabciyata Laraba ya tashi, na farka. Na daɗe zaune a bakin gado ina ƙoƙarin tuna ranar da na taɓa nuna wa 'yan aji shida irin wannan takardar. Ban tuna ba, kuma jarrabawarsu ranar Asabar ce.