Shamuwa a Kan Tsamiyar Alhaji Mikail

Kwana huɗu ke nan Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Likita ya ce jinin ya sauka, ƙafafun ne dai suka ƙi tashi, amma in ba ta ci abinci ba maganin ba zai yi aiki ba. Ita kuwa magana ɗaya ta riƙe: "Salisu, shamuwa ta zo?"

Inna, wato mahaifiyata Kulu, 'yar Maigatari ce, can bakin iyaka. Shekara arba'in tana aure a Koki, amma har yau da zuwan shamuwa take ƙirga shekara. A wurinta wanda ya ga shamuwa ta sauka, to ya ga damina. Bana ta sa wa ranta ba za ta gani ba, don haka ta ce abincin me.

Ni ɗaukar hoto ce sana'ata. Na ɗauki balbela a bayan shanu, na ɗauki raƙuma a kasuwar garin su Inna, tsuntsun da ban ɗauka ba a yankin nan kaɗan ne. Sai na ɗauko hoton shamuwar bara na kai mata. Ta ƙura masa ido, ta ce, "Ga gero nan ya kai gwiwa a bayanta. Kar ka raina min hankali." Wallahi kamar in yi kuka.

Na hau Goron Dutse sau uku, na zagaya kududdufin Ƙofar Ruwa har takalmina ya tsinke. Shirwa, hankaka, shirwa, hankaka! Tsuntsayen banza kawai.

Ranar Laraba da hantsi ina wanke kofin kunu a tsakar gida, na ɗaga kai. Ga ta. Baƙa, farin ciki, ta sauka a ƙololuwar tsamiyar maƙwabcinmu Alhaji Mikail, da ɗan kara a bakinta. Daga ƙasa katanga ta tare min rabinta. Dole sai na hau soro.

To, a unguwarmu namiji ba ya hawa soro haka kawai. Sai ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau soro, mata a kimtsa!" sannan ya jira. Tun ina yaro na san wannan. Amma in na kwaɗa wannan ihun, tsuntsuwar tsayawa za ta yi ta saurare ni? Na cire takalmi, na lallaɓa na hau shiru.

Hoto bakwai na ɗauka. A na takwas na ji salati daga ƙasa. Hajiya Larai, matar Alhaji, tana wanki a tsakar gidanta da ɗaurin ƙirji, ta ɗago ta gan ni da kyamara a fuska.

Kafin in sauko Alhaji Mikail ya iso zaurenmu, ko hula babu.

"Salisu, kai ne? Ɗan Kulu?"

"Alhaji, don girman Allah ka tsaya. Tsuntsuwa na ɗauka, Inna ce ta ƙi cin abinci..."

"Buɗe in gani."

Na buɗe da ƙarfin gwiwata, don na san abin da na ɗauka. Ga shamuwa tar, har karan bakinta. A ƙasan hoton kuma, tsakanin rassa, ga kafaɗar Hajiya, ga kanta ba ɗankwali. Duka bakwai. Ni da nake taƙama da ido, ban gani ba.

Na ce zan yanke ƙasan, minti ɗaya, in nuna wa Inna sannan in goge. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "In ƙanwarka ce a ciki, za ka ba wani minti ɗaya?"

Da yatsana na goge su, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye. Na fito na duba tsamiya, babu komai sai ganye.

Na ɗumama kunu na shiga ɗakin Inna. Na durƙusa na ce, "Inna, ta zo. Wallahi ta zo, da idona na gan ta."

Ta miƙo hannu, ba wajen kofin ba, wajen kyamarar da ke wuyana.

"Nuna min," in ji ta.