Injin Masta Ishfak

"A kwashe tarkacen nan," in ji Liyakat. "A ina za a yi wa ɗan'uwana wanka? A kan wilin keke?"

Shagufta, matar mamacin, ta tsaya a gaban abin ta ware hannuwa. Idonta ya bushe, muryarta ta dusashe.

"Yaya, yaran suna bakin ƙofa. Ka bari su shigo su sake shi sau ɗaya, sai a kwashe. Alkawari na yi masa."

"Gidan mutuwa ne nan, ba filin wasa ba."

Katanga ɗaya ce tsakanina da su a lungunmu na garin Sahiwal, don haka babu abin da ya wuce ni. Mamacin, Masta Ishfak, malamin kimiyya ne na 'yan aji bakwai. Da ciwon huhu ya hana shi zuwa makaranta, sai ya jawo makarantar gidansa. Kullum bayan an tashi, yara kan cika tsakar gidan suna haɗa wani inji: a saki ƙwallon gilashi a bututu, ta buge jerin bulo, bulo ya faɗa kan ludayi, ludayi ya ja zare, haka dai abu na ture abu har a kai ga ƙararrawar keke. Ludayin nawa ne. Aro aka ce, har yau ban sake ganinsa a tukunyata ba.

Masta-ji muke ce masa don girmamawa, amma na sha yi masa tsiya ta saman katanga.

"Masta-ji, mutane na neman magani, kai kana neman gwangwani."

"Likita ya gama nasa, Parwin," ya ce, yana haki a kan gadon igiya. "Ni ban gama nawa ba." Sai ya juya ga yaran. "Me ya tsayar da ƙwallon? Kada wanda ya ce mini aljani."

"Katakon ne ba shi da santsi, Masta-ji."

"To ku goge shi, ku daina kallona."

Injin bai taɓa kaiwa ƙarshe ba. Kullum sai ya maƙale a wani wuri, shi kuma ya hana a taimaka masa da hannu. Ranar Talata suka gama gyaran ƙarshe, suka jera komai. Ya ce kada a taɓa sai Alhamis, ranar da duk ajin za su hallara, su saki da hannunsu su gani da idonsu. Laraba da hantsi ya cika.

Liyakat ba mugu ba ne. Mutum ne da ke son a binne ƙaninsa kafin la'asar, kuma yana gudun bakin mutane. Shagufta ta dube ni, na gane. Na ja mayafina na nufi ƙofa in buɗe wa yaran, a raina na ce in ya so ya zage ni daga baya.

Ina kici-kici da sakata sai na ji ƙas a bayana. Maza biyu ne suka ɗauko katakon wankan gawa daga ɗakin ajiya, gefensa ya taɓa bututun.

Ƙwallon ta gangaro. Bulo suka bi juna suna faɗuwa. Wani ya miƙa hannu zai tare, ya rasa inda zai kama. Ludayi ya ɗaga, gwangwanin yashi ya sauka, ya fizgi wilin keken ya shiga juyawa. Mata suka bar kuka. Shagufta ta ce, "A'a, a'a, ba yanzu ba," a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Ƙararrawar ta kaɗa. Babu inda ya maƙale.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba, ko da aka fito da shi a makara. Na buɗe ƙofar. Yaran na tsaye cikin kayan makaranta. Mehwish, wadda ta fi su baki, mai kirana Khala, wato inna, ta ce, "Khala, ƙararrawa muka ji?"

"Ita ce."

"Ya kai ƙarshe?"

"Ya kai."

"Wa ya sake shi?"

Na matsa gefe. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, Liyakat bai hana su ba. Komai na kwance a ƙasa, yashi ya watse har bakin rariya. Wilin kaɗai ke juyawa, yana rage gudu. Suka kewaye shi suna kallo har ya tsaya.