Ranar da Gada Ta Yi Mini Jarrabawa

Jiya da na kwanta, wani mafarki na yi. Sai ga ni a jami'a, ni Tanimu Mai Shela, wanda ko alif bai taɓa rubutawa ba. Wata agwagwa mai tabarau ta tare ni a ƙofa, ta ce an ɗauke ni digiri na biyu kan yadda 'yan siyasa ke magana da talakawa.

Na ce, "Na ɗayan fa?"

Ta ce, "In ka gama na biyu sai ka sauko."

Ban yi mamaki ba. Shekara arba'in da ɗaya ina bayan a-kori-kura riƙe da lasifika. Jam'iyya bakwai na yi wa shela, duk na ga bayansu. A kasuwa uku aka jefe ni, duwatsun ne suka ji jiki.

A ajin, littattafai ne ke karanta ɗalibai. Nawa ya buɗe ni, ya ga babu rubutu, ya rufe ni cikin ladabi.

Sai ɗakin jarrabawa. Masu tambayar su biyu ne: gadar da na yi wa mutanen Tudun Gaude shelarta, da rijiyar burtsatsensu. Ba a gina ko ɗaya ba, amma duk sun yi ƙiba.

Gada ta ce, "Baba Tanimu, ka gane ni?"

"Haba Hajiya! Zaɓe huɗu ina kai ki Tudun Gaude."

"To in ka faɗi yau, kai za ka kwanta a kan kogin, a bi ta bayanka."

Na leƙa taga. Kogi na gudu yana hawa tudu, mutane sun yi layi da buhunan masara, suna auna bayana da ido.

Rijiya ta tambaya da busasshiyar murya: "Wa ya yi alkawarinmu?"

Na gyara hula. "Ba ni ba. A sana'armu ba a buɗe lasifika sai an ce, 'An aiko ni in gaya muku.' Ɗan aike ba shi da laifi."

Rijiya ta gyaɗa famfo, ta ce na ci.

Gada ta ce, "Madalla. Ɗan aike kuwa yakan koma da amsa. Me mutanen suka ce ka gaya wa masu aikenka?"

Na laluba aljihu, na laluba hula, babu. Na ce, "Hajiya, ai lasifika baki gare ta, ba ta da kunne."

"Kwanta."

Na kwanta. Nan ma ban ba da kunya ba, bayana ya kai gaɓa zuwa gaɓa. Masara ta wuce, jakuna suka wuce, ko tari ban yi ba. Can wata tsohuwa ta tsaya a wuyana, ta sauke kayanta, ta sunkuyo daidai kunnena.

Ta ce, "Tanimu, tunda yau ka yi shiru, ka ce musu..."

Injin markaɗen Ladi maƙwabciyata ya tashi, tar-tar-tar. Na farka rub-da-ciki, bayana na tsami. Saƙon ban ji ba. Amma ku shaida, a Tudun Gaude ni ne gada ta farko da aka taka.